Igiyar Da Aka Ƙulla

Shekara goma sha tara ina riƙe wa Baba Arzika igiya. Shi ke sauka cikin rijiya, ni Ɗayyabu ina bakinta, na tokare ƙafa a gungume, ina zura masa guga ina janyo laka. Tsofaffin rijiyoyin unguwannin Limawa da Yalwawa a Dutse, waɗanda burtsatse bai kashe musu kasuwa ba, kusan duk mu muka yashe su. Ni Musulmi ne, shi Kirista, kuma wannan bai taɓa hana mu sa hannu a kwano ɗaya ba. Abin da ya riƙa haɗa mu faɗa wata tambaya ce da ya ɗauka yana yawo da ita, ta hana shi sakat, ni ma ta hana ni.

Gajere ne, mai faɗin ƙirji, idanunsa kullum jajaye. Asalinsa wani ƙauye ne ta wajen Birnin Kudu, iyayensa Maguzawa. A wajen aiki ba ya wasa. Kafin ya sa ƙafa a rijiya sai an zura fitilar ƙwai a kunne har ƙasa. In ta mutu, to iskar ciki ba ta da kyau, ko wa ya kira mu sai mu naɗe kayanmu. Ya kuma koya mini cewa mai riƙe igiya ba ya ɓoye wa na ƙasa komai, ko da ganin tsaga ne a bango. Amma dokar da ya fi tsanantawa ita ce ta igiya: wadda ta taɓa tsinkewa ba a ƙulla ta a sake sauka da ita. Na sha ganin ya yanka igiya mai kyau gunduwa-gunduwa don wuri ɗaya ya tsinke, ya raba wa mata su ɗaure awaki. In na yi ƙorafi sai ya ce igiyar da ta ci amana sau ɗaya ta gama aikinta.

Sai da muka shekara biyar tare ya faɗa mini tarihinsa, muna hutawa a gindin dabino. Yana saurayi rijiya ta rufta da shi da ɗan'uwansa. Ɗan'uwan ya mutu, shi aka tono shi da rai. Bayan nan ne ya karɓi Yesu, aka yi masa baftisma a gulbi, wato aka nutsar da shi cikin ruwa alamar ya shiga sabuwar rayuwa. A fahimtarsu, in ji shi, ranar ya sami ceto, an yafe masa, an rubuta sunansa.

Daga baya matarsa Ladi ta kwanta ciwo. Asibiti ya gagara, addu'a ta gagara. Wani kawunsa ya ja shi wurin boka irin na kakanninsu. Bokan ya ce iskokin gidansu ne suka yi fushi da ya bar su, kuma ba za su saki matar ba sai ya faɗa da bakinsa cewa ya fita daga hanyar Yesu. Ya faɗa, har sau uku, hannunsa a kan baƙin bunsuru. Ya ƙone katin baftismarsa aka barbaɗa tokar. Ladi ta mutu kafin sati ya zagayo. Shekara tara bai ƙara taka ƙofar coci ba, sai burkutu da faɗa, har ya baro ƙauye ya dawo Dutse.

Lokacin da na san shi ya riga ya koma coci, kuma ba ya fashin Lahadi. Sai dai a bencin ƙarshe yake zama, kuma ba ya karɓar jibin nan nasu na gurasa da ƙoƙo, don yana ganin bai cancanta ba. Tambayarsa ɗaya ce: mutumin da aka ba shi ceto ya jefar da shi da hannunsa, ana sake ba shi karo na biyu?

Ya kai ta wurin fastonsu, Fasto Habila, mutum mai sanyin magana, ya roƙi a sake yi masa baftisma. Fasto ya ƙi. Ya ce masa ceto ba a ba da shi sau biyu, domin na farkon bai ɓace ba. Wanda ya kauce ya dawo, tuba yake yi, ba sabon ceto yake nema ba, kuma ƙuna kati ba ya goge abin da Allah ya rubuta. Baba Arzika ya yi godiya ya fito, amma a hanya ya ce mini: "To in bai ɓace ba, ina yake a shekara taran nan? Ni ne fa na faɗa da bakina, Ɗayyabu, ba a cikin maye ba."

Sai kuma wata shekara aka yi taron farkawa, wani baƙon mai wa'azi ya zo daga nesa. Shi kuwa cewa ya yi wanda ya ɗanɗana ceto ya sani, sannan ya juya baya da gangan, ƙofa ta rufe a kansa. Wallahi da na san inda mutumin nan ya sauka da na je na faɗa masa magana, ko da ba addinina ba ne. Ya zo ya yi kwana uku ya tafi abinsa, ya bar mini tsoho yana ramewa. Tun daga nan duk taron da aka ce masu neman ceto su fito gaba, Baba Arzika ne na farko, har matasan cocin suka fara yi masa dariya a ɓoye. Ya fita ya fi sau ashirin, kuma kowane karo yakan dawo ya ce bai ji komai ya sauya ba.

Ni ma na gwada nawa. Na ce masa mu a wurinmu ƙofar tuba a buɗe take muddin rai bai zo maƙogwaro ba, kuma ban ga dalilin da Ubangiji zai fi ɗan Adam rowa ba. Ya yi murmushi ya ce na yi magana mai daɗi, amma ni ban taɓa tsinkewa ba. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa shi mutum ne ba igiya ba, ya daina gwada kansa da kayan aiki. Ya ci gaba da bin igiyarmu da yatsa, zare-zare, kamar yadda yake yi kowace safiya.

A shekararsa ta ƙarshe ya fara ba ni tsoro. Tari ya kama shi. In zai sauka sai ya daɗe a bakin rijiya yana leƙen duhun ciki, leɓensa na motsi. Sau biyu ya ce mini ba mutuwar yake tsoro ba, ya saba ganinta. Abin da yake tsoro shi ne ta same shi bai sami amsa ba. Na ce ya ajiye aikin, ya ƙi.

Ranar wata Talata ce cikin bazara, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. An kira mu yasar rijiya a wani gida a Yalwawa, mai zurfin gaba goma sha biyu. Tun daga bakin layi muka ji kuka. Ashe maigidan ya ga mun makara, ya kira wani magidanci, Sagiru, mai injin ban-ruwa, don ya zuƙe ruwan kafin mu iso. Tiyo bai kai ba, sai suka zura injin ɗin kansa cikin rijiyar yana aiki. Da injin ya mutu, Sagiru ya bi matakan bango ya sauka don ya duba, bai sake magana ba. Hayaƙin fetur ya cika ramin, har a baki ana jin warinsa.

An buga wa 'yan kwana-kwana waya, suna hanya. Na ɗauko fitila zan kunna, Baba Arzika ya riƙe hannuna ya ce ba sai an tambaye ta ba, mun san amsarta. Ya jiƙa rawaninsa ya ɗaure hanci, ya ɗaura igiya a ƙirji. Ban taɓa ganin ya tsallake fitila ba. Na ce, "Baba, a jira su mana." Ya ce, "Yana da 'ya'ya huɗu, ga uwarsu can. Riƙe."

Igiya ɗaya muka zo da ita, ta gidan kuwa siririya ce ta guga. Da ya isa ƙasa, sai ya kwance ta daga jikinsa ya ɗaura wa Sagiru, ya girgiza sau biyu, alamar a ja. Mu shida muka ja. Cikin gaggawa ba mu gitta gungume a baki ba, igiyar na gogar fasasshen simintin bakin rijiya, ina jin zarenta na fashewa ɗaya bayan ɗaya. Wurin da ya ci ya wuce hannuna da ƙyar, ya rabu biyu a hannun na bayana. Mu uku na gaba muka danne har Sagiru ya fito, yana numfashi sama-sama.

Sai ga ni da guntaye biyu, kowanne bai kai ƙasa ba. Na ƙulla su, na zura. Na so in yi shiru, Allah ya sani na so. Amma shekara goma sha tara ban taɓa ɓoye masa komai yana ƙasa ba. Na kifa kaina cikin hayaƙin na ce, "Baba, ta tsinke, na ƙulla ta. Ita ke nan gare mu. Ka kama."

Shiru. Ban san tsawon shirun nan ba, na dai ji wata mata tana salati a bayana, na ji igiyar sakwaf a tafin hannuna. Na sake kiransa. Na fara ɗaura wani ƙyalle a hancina don in sauka ke nan, sai igiyar ta motsa. Sau ɗaya, sannan, da rauni, na biyu.

Muka ja. Na ga ƙullin ya taho yana hawa, ya daki bakin siminti, ya wuce. Baba Arzika ya fito da igiyar a ƙirjinsa, ɗaurin da bai ƙarasa ba, ya naɗe ragowar a hannunsa har ta shige fata. Idonsa a rufe. A cikin adaidaita sahu, kansa a cinyata, ya cika kafin mu kai asibiti.

Bayan an binne shi, Fasto Habila ya ja ni gefe ya tambaye ni ko ya bar wata magana. Na ce bai ce komai ba. Na faɗa masa dai dokar igiya, da abin da na kira masa a rijiya, da girgizar nan biyu. Fasto ya nemi in nuna masa ƙullin. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya yi kuka irin na manya, marar sauti.

Ni ban san amsar tambayar Baba Arzika a addininsu ba, kuma ban isa in yanke ba. Ban ma san ko ya ji abin da na ce ba, ko kuwa hayaƙi ya riga ya ɗauke masa ji, ya kama abin da ya taɓa shi kawai. Wannan ne ke cina. Sagiru ya warke, yana gaishe ni duk inda muka haɗu. Igiyar tana rataye a zaurenmu, matata ta sha cewa in yanka mata ta ɗaure awaki, kamar yadda Baba Arzika da kansa zai yi. Na ɗauko wuƙa sau biyu, na mayar da ita kube.