Ranar da Baba ya naɗa mini fim

Shekarun baya, lokacin da zazzaɓin ɗaukar hoto ya kama ni, na sayi tsohuwar kyamara a hannun abokina, na ce ni ma a gida zan riƙa wanke fim ɗina. Ya ba ni ɗan tanki da ruwan magani, ya yi mini bayani a tsaitsaye. Ni kuwa, sarkin iyawa, ina ta gyaɗa kai kamar na gane.

A shekarar ce ciwon ido ya cinye ganin mahaifina. Tela ne a kasuwar Wunti tun kafin a haife ni, sai ga shi zaune a tabarma, ba fita, ba hira. Kullum cewa yake ya zama kaya a gida. Wallahi maganar nan tana ci mana rai, mun rasa yadda za mu yi da shi.

Fim ɗin farko na bikin sunan ɗan yayata ne, kuma ni kaɗai na ɗauki hoto a wurin. Shi fim, sai a cikin duhu ƙirin ake zare shi a naɗa a wani abu mai kama da kwarkwaron keken ɗinki, sannan a rufe a tanki. Haske kaɗan ya taɓa shi, shi ke nan. Bayan azahar na shiga ɗakin ajiyar hatsi, mahaifiyata ta rataya mini bargo a ƙofa tana mita wai zan shaƙe kaina a banza.

Ai kuwa na ga ta kaina. Zufa ta jiƙa mini hannu, fim ya ƙi shiga, sai lanƙwashewa yake. Na fara tsaki, har da ƙwalla, ƙato da ni.

Sai na ji sandar Baba a bakin ƙofa, yana tambayar abin da ya faru. Na cusa fim ɗin a tanki na rufe, na shigo da Baba, na ce masa matsalar ba a ganin komai.

Ya yi 'yar dariya ya ce, "To ai gidana ka shigo. Miƙo nan."

Ya shafa kwarkwaron, ya shafa gefen fim ɗin, ya nemi almakashi ya gyara bakinsa. Ina jin ƙas-ƙas a hankali, har ya ce in rufe tankin. Na zuba magani, na ɗauraye da ruwan randa, na ɗaga fim ɗin a tsakar gida. Ga jariri, ga yayata, ga kowa.

Ya sa na faɗa masa su ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan nasa, na ce yana zaune a gefe, ya sunkuyar da kai. Sai ya ce wa mahaifiyata ta fito masa da babbar rigarsa gobe.

Ni kuma ya ce mini, "Ka sake ɗauka. Kada jikana ya girma ya ce haka nake."

Baba ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. A wancan lokacin mun yi ta rarrashinsa wata da watanni, ashe so yake a buƙace shi. Yanzu na iya naɗa fim, amma har yau in na shiga duhun nan, kewarsa nake ji.