Ranar da Na Yi Shiru a Gaban Ɗan'azumi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tsaron baya a gaban Ɗan'azumi, duk Asabar ɗin duniya. Da a lokacin ka tambaye ni, da na rantse maka babu abin da ban sani ba game da golan namu. Na san lambar takalminsa, na san ba ya cin ƙosai sai ya zuba yaji har ya yi ƙwalla, na san gwiwarsa ta dama tana ƙara in zai tsuguna. Ashe ban san komai ba. Har yau haushin kaina bai sake ni ba.

A unguwar Jekadafari aka haife shi, cikin watan azumi, sunan kuwa ya bi shi har ya danne na yanka. Mahaifinsa daga wajen Malumfashi ya zo Gombe fataucin auduga, garin ya karɓe shi ya zauna. Ɗan'azumi ya yi aji uku a sakandare ya ce boko ta ishe shi, aka kai shi koyon ɗinki a Babbar Kasuwa. Nan ya girma, nan ya yi shago, ya yi suna da aikin wuyan riga na hannu, irin wanda ango ke bin layi wata biyu ya jira. Ya auri Safiyyatu, Allah ya ba su 'ya'ya biyar. Mutum ne marar hayaniya, sai ka yini a shagonsa ba ka ji komai ba sai ƙarar keken ɗinki. Amma tun yana yaro in aka kafa duwatsu biyu a fili, shi ne a tsakani. Bai taɓa sha'awar cin ƙwallo ba, hana ci kawai yake so.

Gasarmu ta 'yan shekara arba'in zuwa sama ce, matasan unguwa suna kiranta Gasar Masu Tumbi, mu kuma ba mu musa ba. Ƙungiya shida ce daga unguwanni shida, mutum bakwai-bakwai, a filin wata firamare da ke Kumbiya-Kumbiya. Bayan sallar asuba muke haɗuwa, kafin ƙarfe takwas kowa ya kama hanyar neman abinci. Akwai malamai, akwai 'yan kasuwa, akwai ma'aikatan gwamnati da suka ajiye aiki. Alhaji Jaji, tsohon darakta, shi ne shugaba kuma shi ne alƙalin wasa, domin shi ya sayi usur.

Ni Rufa'i, robobi nake sayarwa a kasuwa, kuma Rediyo ake ce mini a fili. Allah bai ba ni gudu ba, sai ya ba ni baki. Daga busa usur har tashi ina magana: ga shi nan ta hagu, wane ka bar mutum a bayanka, gola fito, gola koma, ta sama take zuwa. 'Yan ƙungiyarmu sukan ce kunnensu ya gaji. Ɗan'azumi kaɗai ne bai taɓa ƙosawa ba. Hasali ma wajen shekara uku da suka wuce ya fara ce mini kafin kowane wasa, “Rediyo, yau kada ka rage murya.” Ni kuma sai kaina ya kumbura, na ɗauka hirata ce take masa daɗi.

A daidai wannan lokacin ne ya daina aikin wuya, ya ce injin zamani ya kashe kasuwar. Ya sayar da babur ɗinsa, ya ce tafiyar ƙasa ta fi wa gola amfani. Sau nawa mutane suka kawo mini ƙararsa, wai ya wuce su a layin teloli ko kallo bai yi musu ba. Ni da bakina na riƙa tsokanarsa cewa ya fara girman kai tun bai yi kuɗi ba. Murmushi kawai yake yi.

Bara sai ga Abdulrasheed, an dawo da shi Gombe aiki, shekararsa arba'in da ɗaya cif, dogo, ba tumbi, kuma gola ne na gaske. Ya yi wata huɗu yana zaman benci. Ɗan'azumi kuwa ƙwallon gefe ta fara ba shi wahala, aka fara gunaguni. Da muka zauna, sai aka yanke cewa wasanmu da Kumbiya-Kumbiya shi zai raba gardama: in an zura masa fiye da biyu, ya miƙa safar hannu. Ya amsa a gaban kowa. Amma da yamma na biya shagonsa, ya ce mini bayan sallarsa da iyalinsa, babu abin da ya rage masa a duniya da ya kai wannan awa guda a bakin raga. Ya ce ranar da aka cire shi, ba zai zo ya zauna a benci ana kallonsa ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ina gabansa.

Baki dai shi ke yanka wuya. Saura mako guda, a wasanmu da Bolari, Alhaji Jaji ya ba su fenariti na zalunci, ni kuma na gaya masa a gaban jama'a cewa usur ɗin nasa ya fi shi sanin doka. Ya yi faɗa da Hausa, da ta ƙare ya koma Fillanci.

Mu ba ma dakatar da ɗan wasa, domin in ka cire mutum ɗaya cikin bakwai masu ciwon baya, wasa ya tashi. Saboda haka tun da daɗewa aka kafa hukuncin shiru. Mai laifi zai buga wasa na gaba da jan ƙyalle ɗaure a damtse, bakinsa a rufe daga farko har ƙarshe. In ya furta kalma ɗaya, a ba abokan hamayya fenariti. Da aka yanke mini shi, filin ya kaure da dariya, wasu har suna cewa ranar za su zo da iyalansu su ga abin al'ajabi.

Ɗan'azumi bai yi dariya ba. Daga baya na ji ya taka har gidan Alhaji Jaji ya roƙa a ɗaga hukuncin zuwa wani makon. Alhaji ya ce doka ba ta san abota ba. Ranar Juma'a kuma ya zo rumfata ya tsaya yana juya wani bokiti a hannu, can ya tambaye ni ko tari ma ana lissafa shi cikin magana. Ya ce in ƙwallo za ta zo ta hagu, ko tari ne in yi. Na kwashe da dariya har na riƙe ciki, na ce wa maƙwabcina ya zo ya ji, gola ya fara tsoron Abdulrasheed. Ya ajiye bokitin ya yi mini sallama.

Asabar ta zo. Aka ɗaura mini ƙyalle, aka busa. Minti goma da farawa aka kwaso ƙwallo daga hagu, ta ratsa gaban raga a ƙasa, Hillary ya sa ƙafa ya tura ta ciki. Hillary ɗan gaban Kumbiya-Kumbiya ne, Batangale, tsohon ma'aikacin jinya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Ɗan'azumi bai ko juya ba sai da ƙwallon ta taɓa raga. Na ce a raina barci ne bai sake shi ba. Bayan haka ya tare biyu masu zafi da aka buga masa gaba da gaba, hankalina ya kwanta.

Dab da hutun rabin lokaci na ƙwace ƙwallo a gefen hagu, mutum biyu suka taso mini. Na juya na mayar wa golana, a hankali, irin wadda na mayar masa sau dubu. Bambancin kawai, kullum nakan ce “taka ce, gola.” Ranar ban ce ba.

Ƙwallon ta gangara tana tafiya kamar ba ta so, ko kaza za ta iya tare ta. Ɗan'azumi yana tsaye, ya ɗan rusuna, hannuwa a buɗe, ido a tsakiyar fili. Ta wuce ta gefen ƙafarsa, tazarar bai fi taƙi ɗaya ba, ta shiga raga ta kwanta. Shi kuma yana nan yadda yake, yana jiran ƙwallo.

Babu wanda ya yi murna, har 'yan Kumbiya-Kumbiya. Alhaji Jaji ya kai usur baki ya kasa busawa. Ni kuwa na tsaya inda nake ina kallonsa. Shirun ne ya sa Ɗan'azumi ya miƙe, ya juya kansa gaba ɗaya hagu, ya juya dama, ya ce, “Me ya faru?”

Hillary ya tako a hankali ya tsaya ta hagunsa, ya ɗaga hannu ya kaɗa dab da fuskarsa. Ko ƙiftawa bai yi ba. Hillary ya sauke hannun, ya dube mu, ya tambaye shi tun yaushe.

Ɗan'azumi ya zauna a gindin turken raga, muka kewaye shi. Ya faɗa mana ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Idon hagu ya tafi shekara uku ke nan. Na dama kuma abin da ke gabansa kawai yake gani, kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma bututun kullum ƙara tsukewa yake. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya riƙe sauran. Safiyyatu kaɗai ta sani. Ita ke zura masa allurai a gida ya tafi da su shago a jere cikin gwangwani, ita ke duba ɗinki da yamma ta warware inda ya kauce. Ya ce wa zai kawo wa tela shaddarsa in ya ji ba ya gani? A fili kuwa, da muryata yake sanin inda ƙwallo take.

Na fizge ƙyallen na jefar. Raina ya ɓaci, kunya ta rufe ni, sai na huce a kansa. Na ce shekara uku muna cin ƙosai a faranti ɗaya, me ya hana shi gaya mini?

Ya juyo da fuskarsa duka don ya same ni. Ya ce, “Na so in gaya maka, Rufa'i. Amma kai ba ka riƙe magana. Da na faɗa maka da safe, da kafin azahar kasuwa ta ji.”

Gaskiya ya faɗa. Mutanen da suka zo ganin Rediyo ya yi shiru, ranar sun gani.

Nan take kowa ya zama mutumin kirki. Alhaji Jaji ya ce ya janye hukuncina. Abdulrasheed ya ce shi ba ya son ragar, ya yafe. 'Yan ƙungiyarmu suka ce maganar ƙwallo biyu ta mutu, gola ya ci gaba da tsaronsa har ranar da ya gaji. Ɗan'azumi ya tashi ya kakkaɓe wandonsa, ya ce biyu aka ci, yarjejeniya ba ta karye ba tukuna, a ƙarasa wasa kamar yadda aka saba.

Aka koma. Na buɗe murya har maƙogwarona ya yi zafi, shi kuma ya dawo golan da muka sani, ya fita ya cafke bugun kusurwa guda biyu a sama. Saura minti biyar Hillary ya zille mini, ya rage daga shi sai gola. Hillary mutum ne da in ya samu irin wannan, raga ce ke jin jiki, ya taɓa karya wa wani gola yatsa. Ya ɗaga ƙafa, ya dubi Ɗan'azumi, sai ya turo ƙwallon a hankali, daidai tsakiyar hannuwansa.

Ɗan'azumi ya ɗauke ta. Ya daɗe yana riƙe da ita a ƙirji. Sannan ya ajiye ta a kan layi, ya cire safar hannunsa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, “Hillary, da ka buga mini da ƙarfi.”

Hillary ya sunkuyar da kai. Ɗan'azumi ya tambayi inda Abdulrasheed yake, aka nuna masa, ya taka ya damƙa masa safar. Muka yi ta roƙo, Alhaji Jaji har da riƙe masa riga. Ɗan'azumi ya ce mana ya gode, amma shi gola ne, kuma daga yau babu wanda zai ƙara buga masa ƙwallo tsakani da Allah a filin nan. Ya ɗauki jakarsa. Na ce in raka shi, ya ce in tsaya in ƙarasa wasana, ya san hanya.

Maganar ba ta fita daga bakina ba, Allah shi ne shaida, amma mutum fiye da ashirin ne a filin. Kafin wata ya ƙare masu shadda sun ragu a shagonsa, yanzu yawanci kayan makaranta yake ɗinkawa da gyare-gyare. Ina biyawa kullum in na taso, mu gaisa, ya tambaye ni sakamakon wasa, in faɗa masa. Bai sake taka filin ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya da Pantami muka buga. Aka kwaso ƙwallo daga hagu, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba: gola hagunka, ta ƙasa take zuwa, mutum biyu a kanta, matsa, matsa. Abdulrasheed ya ɗauke ta cikin sauƙi, ya buga ta gaba, ya matso kusa da ni cikin ladabi.

Ya ce, “Yaya Rufa'i, don Allah rage surutu. Ina gani.”