Maikon da Nake Karantawa da Ƙafafun Baba

Shekarar da na fara digiri na biyu a fannin haɗa magunguna, ciwon suga ya riga ya ci jijiyoyin ƙafafun Baba. Ya daina tura alhazai a keken gajiyayyu a Masallacin Harami, ya koma zaman gida a unguwarmu ta Tandabawi, ƙafa cikin robar ruwan sanyi. Cewa yake kamar garwashi yake takawa.

Wata Juma'a bayan cin abinci ya tambaye ni me nake karantawa. Na ce jikin mutum yana haɗa wani maiko da kansa, mai rage zafin ciwo, aikinsa ya yi kama da na tabar wiwi. Da na juya Larabci don ƙarin bayani, kalmar hashish, wato wiwi, ta fito. Mama ta tashi ta rufe taga.

"A garin nan kike faɗar wannan?" in ji Baba. "In maƙwabta suka ji fa?"

Na rantse masa ko ganin tabar ban taɓa yi ba. Muka daɗe ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa.

Ran nan na raka shi asibiti. Muna dawowa a tasi, an tsaya a cunkoso wajen unguwar Jarwal, ya ce da Hausa, don kada direba ya ji: "Ya binti, 'yata, abin nan naki, ni ma ina da shi?"

"Kowa yana da shi, Baba."

"To me ya hana shi aiki?"

Na ce kowace ƙwayar halitta a jiki tana da siririyar fata ta maiko. Abin nan mai rage zafi yakan yi aikinsa a waje, sannan ya ratsa fatar ya shige ciki, a narkar da shi. Wasu masana na cewa da kansa yake sulalewa tunda shi ma maiko ne, wasu na cewa akwai abin da ke ɗaukarsa, ba a dai tantance ba. In aka gane, ƙila a tare masa hanya ya daɗe yana aiki.

"Yaushe za a gane?"

"Wallahi ban sani ba."

Ya gyaɗa kai yana kallon titi. Kunya ta kama ni, ban san ta mece ce ba.

Daga ranar, duk sanda na dawo daga jami'a sai ya ce, "An gane?" in ce ba tukuna. Kafin na kammala karatun aka yanke masa babban yatsan ƙafa. Bayan ya fito daga asibiti bai ƙara tambayata ba, ni ma ban tayar da zancen ba.