Barewar Baba Agali ta ƙi tafiya

Jama'a, yau barewa ta kunyata ni gaban ƴan jarida, kuma ko haushi ban ji ba.

Kun san ni ke hulɗa da su a ƙungiyarmu ta kare namun daji. Da safe na kwashi ƴan tele zuwa bayan Arlit su ɗauki sakin wata barewa. Baba Agali, wani tsoho mai garka, shi ya raine ta da nonon akuya bayan mafarauta sun kashe uwarta. Na shirya jawabi mai tsawon hanyar Agadas!

Aka buɗe keji. Ta yi tsalle uku, ta juyo, ta cusa kai cikin rigar tsohon. Sau huɗu ana haka.

Mai kamara ya ce, "Malam Sani, me za mu nuna?"

Baba Agali ya ja rawaninsa har ƙarƙashin ido, ya ce, "Ɗana, ba a korar ɗiya. Rakiya ake yi mata."

Ya kama hanya tana bin sa. Mai kamara ya sauke kamararsa, ba wanda ya sa shi.

Bayan awa guda tsohon ya dawo shi kaɗai, bakin rawanin a jiƙe. Hoton sakin dai babu. Jawabina kuwa, hanci na share da shi.