Ranar da na ga ƙorafina a hannun likitan

Shekarun baya, lokacin ina shugaban ma'aikatan safe a wata masana'antar roba a Sharada, inji ya datse wa abokina yatsa. Muka garzaya da shi asibitin da kamfani ke tura mu. Likitan ko tashi bai yi ba. Daga kujerarsa ya leƙa, ya ce nas ta naɗe da bandeji, ya rubuta cewa gobe zai iya komawa aiki. Bayan kwana biyar yatsan ya yi baƙi ƙirin. A wani asibitin aka yanke shi.

Abokan aiki suka yi ta zuga ni. "Kai ne ɗan boko, rubuta kawai, duk muna bayanka!" Ni kuma da ma kaina na rawa. Na binciko hukumar da ke ba likitoci lasisi, aka ce sai da takardar rantsuwa. Na je kotu na rantse, na sa hannu. A saman takardar na rubuta da manyan baƙi cewa a sakaya sunana, har na ja layi biyu a ƙasa, wai ni mai dabara.

Wata uku shiru. Ran nan manaja ya kira ni ofis. Ina shiga na tarar da likitan a zaune, riƙe da kwafin takardata.

"Malam, kai ne ka ce ban san aikina ba?"

Na ce, "Likita, ban ce haka ba. Cewa na yi ba ku duba shi ba."

Ina fitowa na kira ƙanin matata, lauya ne, ina huci na ce an tona mini asiri. Dariya ya yi. "Haba Yaya, ai dole a ba shi kwafi ya kare kansa. Me ya hana ku tambaye ni kafin ku sa hannu?"

Na ce to in aka kore ni fa?

"Sai mu je kotu. Ku dai adana kowace takarda."

Wato sai ka sha dukan tukuna a zo ceton ka.

Masu zuga ni kuwa kowa ya kama gabansa. Mutum ya hango ni wurin alwala sai ya canza famfo. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne abokin nawa. Na je har gida don ya ba da shaida, ya ce, "Don Allah ka bar maganar nan, ƙaddara ce. 'Ya'yana shida." Na fice ko ruwan da aka kawo ban sha ba.

Nas ɗin da ta naɗe bandejin ce ta tsaya gaban hukumar ta faɗi abin da ta gani, alhali a ƙarƙashin likitan take aiki. Daga baya na ji an gargaɗe shi a rubuce, kamfani ma ya daina tura mu can. Ni kuwa aka cilla ni sito a Bompai, wai ƙarin girma ne.

Yanzu duk wanda ya zo mini da irin wannan, nakan ce ya rubuta, amma ya fara tambayar wa da wa za su ga sunansa, kuma ya ga lauya tukuna. Na daɗe ina jin haushin abokina. Sai da na girma na gane tsoro ɗaya muka ji ni da shi. Nawa dai ya makara ne, ya zo bayan na riga na sa hannu.