Bangon Gabas na Lakol Ɗinmu

Duk mai neman wanda ya kafa lakol ɗin garinmu, wato makarantar boko, ya daina wahala, ga ni zaune. Ni ne, ina ɗan shekara tara, wandona ɗaure da igiyar rama. Ranar Larabar da aka haƙa ramin dirkar farko, sati biyu da gama yankan gero, ni na fara isa fili da damin kara a ka, dami kuwa wanda in yau ne sai an nemo amalanke da shanu biyu. Na faɗi wannan a kasuwar Gazawa, na faɗa a gidajen suna, na faɗa wa 'ya'yana har sun koma ƙarasa mini zancen. Abin da ya biyo baya ne ban cika faɗa ba. Yau dai na gaji, ko ƙarfin ƙara gishiri ba ni da shi sosai, bari in kawo shi kusan yadda ya faru.

A wancan lokacin lakol mafi kusa da mu tafiyar rabin yini ce a kan jaki. Sai ga Mushe Abdu (Mushe muke ce wa malamin lakol), ɗan garinmu da ya tsufa yana koyarwa a wasu garuruwa, ya ajiye aiki ya dawo gida da akwatin littattafai da wani tari mai naci. Shi ya zaunar da dattawa gindin gawo, shi ya yi ta safa da marwa tsakanin gari da buro, wato ofishin hukuma, har ya samo takardar yarjejeniya. Sharaɗin ba ɓoyayye ba ne: gari zai tsayar da aji mai bango huɗu da rufi, ya ciyar da malami, ya kawo yara. In sufeton makarantu ya zo ya gani da idonsa, sai a sa sunayenmu a rajistar gwamnati, a bar Mushe ya koyar yadda yake so. Yadda yake so kuwa irin na da ne: hadda, rubutu mai tsabta, lissafi da ka, tarihin Katsina da Gobir tun daga tushe, da miƙewa gaban jama'a a yi magana ba susar ƙeya. "Wanda bai iya tsayawa ya faɗi abin da ke ransa ba, bai fara karatu ba," haka yake ce mana kullum, tari na katse shi a tsakiya.

Ajin na kara ne, aka raba bangayen unguwa-unguwa, namu ya faɗo gabas. Kafin mu zauna a kan yashi da allunanmu, kowa ya riga ya ja guga ya cika randa, ya kai wa tumaki dusa, 'yan mata sun yi surfe hannuwansu na zafi. Da hantsi a sake mu mu yi langa da ƙwallon tsumma, mu bi ƙadangaru da danƙo, mu dawo ƙafafu furu-furu. Kwanon tuwon Mushe kuwa zagaye yake yi gida-gida, har mun san ranar da zai yi fara'a da ranar da miyar gidan su wane za ta sa a sha bulala.

A cikinmu akwai Jaɓɓo, ɗan makiyayan da suka zauna bayan gari. Ya girme mu duka, shekarunsa sun kai bakin iyakar da ake ɗaukar yaro, Mushe ya kuma faɗa ƙarara cewa in ba a rubuta shi bana ba, baɗi ƙofa ta rufe masa. Sau ɗaya Jaɓɓo ke jin abu ya zauna masa daram. Ni kuwa sai an maimaita mini sau goma, na sha ɗayan in tambayi me aka ce. Mahaifinsa, Baffa Altine, bai bayar da shi da sauƙi ba. Sai da Mushe ya je rugarsu sau uku kafin ya ce, "Na ba ku aronsa har mai dubawa ya zo. In an rubuta shi, naku ne. In ba a rubuta ba, shanu na jiran shi."

Aka aiko cewa sufeto zai iso da la'asar ranar wata Litinin. Tun da safe muka share fili har tsakuwa ta gudu. Mushe ya zagaya ajin, ya tsaya a bangon gabas, inda karan unguwarmu ya yi ƙaranci aka jera shi tsilli-tsilli, rana na leƙowa ta ko'ina. Ya dube ni ya ce in nemi abin da zan toshe kafofin kafin a dawo daga cin abinci. Kara ya ƙare a kusa, kowa ya kwashe nasa ya yi danga. Nan dabara ta faɗo mini, irin wadda ba ta zo wa kowa ba tun da aka sari garin. A kan rumfar babanmu akwai harawar wake sabuwa, koriya shar, mai laushi, wadda ke shiga kowace kafa ta zauna. Na yi sawu huɗu ba wanda ya gan ni. Da na gama na ja baya na duba: bango ya cike, ya yi kore, har ƙamshi yake. Na tafi gida ina tafiyar ƙasaita, na ci tuwo da hannu biyu. Abu ɗaya na manta. A satin nan ne mai gari ya yi shelar sakin dabbobi, tunda kowa ya kwashe amfanin gonarsa.

Da muka dawo, ba na jin akwai akuyar da ta rage a ɗaure daga nan har Cadawa. Na rantse har na ga wasu baƙi da suka tsallako iyaka ba takarda. Suna fizgar harawa, kara na biyo ta, igiyoyi na tsinkewa, har bangon ya kwanta gaba ɗaya, rufin ya sunkuyo ta wannan gefen. Muka kore su da ihu da jifa, amma aikin gama ya gama. Mushe Abdu ya iso da bulalarsa a hannu, na rufe ido ina jira. Bai taɓa ni ba. Ya kifa wani tsohon turmi ya zauna, ya yi ta kallon wurin. Wannan zaman ya fi mini kowace bulala ciwo.

Maza suna cikin neman sanduna aka ji ƙarar babur. Mushe ya jera mu gindin gawo, ya kira Jaɓɓo. Jaɓɓo ya miƙe ya jero sarakuna ɗaya bayan ɗaya, ya yi hadda da Faransanci ba tuntuɓe, ya amsa lissafi kafin a rufe baki. Sufeto ya cire tabarau ya yaba. Sannan ya buɗe takarda, ya zagaya ajin yana nuna bangaye da biro, ya ƙirga uku. Dattawa suka roƙe shi ya jira ko da sa'a guda. Ya ce akwai garin da ke jiransa, kuma abin da ya gani zai rubuta. "Baɗi, in Allah ya kai mu," ya ce, ya sha fura ya hau babur.

Babanmu ya dake ni da yamma, amma don harawarsa, ba don ajin ba. Washegari Jaɓɓo ya zo da sassafe, ya goge allonsa tas, ya miƙa wa Mushe da hannu biyu, ya bi hanyar ruga. Da shekara ta zagayo aka rubuta mu. Ni da ke kutal a aji na fito da takardar gama lakol, a zaman jarrabawa na biyu.

Yanzu lakol ɗin ta siminti ce, rufin kwano, akuya sai dai ta lasa ta wuce. Ni ne shugaban iyayen yara, shekara uku ke nan ina bin buro-buro don a buɗe mana koleji, gwiwoyina sun san kowane benci a Gazawa. In na kira taro, ba mai zuwa da ko kara ɗaya, kowa tambaya yake yaushe motar masu taimako za ta zo. Sai in tuna ajin da gari guda ya ɗauko a ka, da kwanon da ke zagaye gidaje, da tarin Mushe, Allah ya jiƙansa. Ajin ya fi na yau rauni, amma namu ne.

A taron makon jiya na ga mutane na hamma, sai na ce bari in ɗan zaburar da su. Na miƙe na tuna musu wanda ya fara kawo dami ranar da aka kafa lakol. Jaɓɓo na can baya, gemu ya yi fari, ya jingina da sandarsa. Jikokinsa uku ke aji, ba ya fashin taro. Ya bari na gama tsaf, sannan ya gyara murya.

"Gaskiya ne, shugaba, kai ka fara kawo kara. Amma in za a raba aiki wannan karon, don Allah a ba ka ɓangaren da awaki ba sa ci."