Sunan Hamdi a Ƙarƙashin Hotunansa

Daga Allah muke, gare Shi kuma makomarmu take. Ranar Talata, sha biyu ga Sha'aban, labari ya iso kasuwar kifi ta garin Rashid cewa Hamdi Basyuni mai ɗaukar hoto ya riga mu gidan gaskiya. Abokina ne tun muna yara, har yau kuma zuciyata ta ƙi yarda.

Ya Hamdi, babu maƙerin jirgin ruwa a bakin kogin nan da ba ka ɗauka yana aiki ba. Ka zuba hotunan a intanet kyauta, ka ce kowa ya ɗauka, ya buga, ya ma sayar, da sharaɗi guda: a rubuta sunanka a ƙasa. Ɗalibai sun sha tuntuɓe, su rubuta sunan shafin maimakon naka. Kai kuwa sai ka nuna musu gyaran cikin raha, har ka ƙara musu wani hoton.

Ustaz Midhat mai maɗaba'a shi ne wanda ban taɓa yarda da tuntuɓensa ba. Shekara bayan shekara kalandarsa na fitowa da hotunanka na jirage, sunan shagonsa zaune daram a inda naka ya kamata ya zauna.

"Wallahi kuskure ne, ɗan'uwa," in ji shi. "Mun ɗauka abin kyauta ba shi da mai shi."

Na ce maka wannan kuskure ya cika sanin hanyar gida. Ka yi dariya, ka ce, "Kai dai ko inuwarka tuhumarta kake yi."

Midhat ya zo rumfar makokinka, ya sha gahawa marar sukari, ya yi ta share ido. Can na ji ya matsa kusa da ɗanka Tarik yana cewa a ba shi kwamfutarka, zai haɗa maka littafin tunawa. Tarik ya dube ni. Na girgiza kai.

"Baffa Midhat," in ji Tarik, "ka bari ƙasar kabarin ta bushe tukuna."

Midhat ne ya buga babban hotonka da aka rataye a ƙofar rumfar, bai karɓi ko sisi ba, jama'a na ta sa masa albarka. Hoton nan da hannunka ka ɗauki kanka, ina tsaye a wurin. Na matsa na karanta ƙasansa. An rubuta: ɗaukar hoto, Maɗaba'ar Midhat.

Na san da kana nan za ka ce wataƙila wannan ma kuskure ne. Ba ni da irin zuciyarka, Hamdi. Na ari alƙalami a gaban mutane, na soke nasa, na rubuta naka.

Allah Ya jiƙanka, Ya yi maka sassauci kamar yadda ka yi wa masu kuskure, Ya haskaka kabarinka. Ga matarka Ummu Tarik da 'ya'yanta, Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya kuma tsare muku abin da ya bari daga masu zuwa da hawaye.